Zuwa Maukibi a ƙafa: me zan tanada?

Autan zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bana na ƙudiri niyyar zuwa Maukibin Ƙadiriyya a ƙafa, daga ƙauyenmu nan ƙasar Haɗeja har Kabara cikin birnin Kano, kusan kilomita 200. Marigayi mahaifina ya sha faɗin zai taka, Allah bai nufa ba. Ni kuwa ban taɓa wuce tafiyar kasuwar mako ba. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin allo: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Auta, kafin maganar takalmi, je ka durƙusa gaban mahaifiyarka. In ta sa albarka, madalla. In ta ce hankalinta bai kwanta ba, ka hau mota, ladanka na nan. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ku zama uku, ku naɗa ɗaya shugaba kamar yadda ya zo a hadisi. Tafiyar ta haura mil 48, saboda haka da kun bar gidajen gari sai ƙasaru: Azahar, La'asar da Lisha raka'a bibbiyu. In kun yi niyyar kwana huɗu a Kano, sai ku cika.

Malamin asibiti: Ni ƙafarka nake ji. Na taɓa sayen sabon sau-ciki musamman don tafiya irin wannan, yini ɗaya kawai ya fitar min da bororo a dunduniya da ɗan yatsa, washegari a kan babur aka ƙarasa da ni. Takalmin da za ka sa, fara yawo da shi tun yanzu har ya san ƙafarka. Yanke farce. Duk dare ka wanke ƙafa, ka tsane tsakanin yatsu, ka shafa man kaɗanya. Bororo in ƙarami ne kada ka fasa, rufe shi da filasta.

Yaya mai shayi: Likita, ni dai sau-ciki ba na yinsa a wannan zafin. Fade mai maɗauri a baya ya fi, iska na shiga, alwala ma ba wahala.

Malamin asibiti: Ya tafi da duka biyun, yana sauyawa. Silifas ne kawai ban yarda da shi ba. Sannan 'yan shekarun nan Rabi'us Sani, watan da ake yin Maukibin, yana faɗowa ne a ƙarshen damina, lokacin da sauro ke kan ganiyarsa, to gidan sauro dole ne. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Direba: Ƙanena, ka bi babban titi ta Gujungu, Ringim, Gezawa. Kada wani ya ce zai nuna maka yanke ta fadama, bayan ruwan Agusta hanyoyin nan ba su da tabbas. Ka riƙa tafiya a gefen da kake fuskantar mota, kana ganinta tana ganinka. Da almuru ka sauka daga titi, mu da ke bayan sitiyari mun san yadda mutum ke ɓacewa a duhu. Tashi bayan Asuba, hantsi ya yi zafi a nemi inuwa, bayan La'asar a ɗan ƙara.

Baba Alhaji: Yaro, ka tuna min da kakana. A ƙafa ya tafi Makka, ta Borno, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan ta Darfur har bakin teku a Sawakin. Shekaru ya yi, yana tsayawa yana ƙwadago yana tara guzuri, wasu abokan tafiyarsa ma can suka zauna, jikokinsu na Sudan har gobe. Abin da ya fi nanata mana shi ne sauka. Duk garin da za ku kwana, ku isa da sauran rana, ku gaida liman da mai unguwa, ku faɗi daga inda kuke da inda za ku. Yanzu zamani ya ƙara tsoro, to ka karɓi takarda wurin dagacinmu, ka haɗa da katin ɗan ƙasa.

Gwaggo: Auta, guzuri nawa ne. Zan daka maka daƙuwa, ga ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ka sayi dabino. Fura kuwa a hanya za ka riƙa saya, in ka ɗauka daga gida kwana biyu ta yi tsami. Kaya kala biyu sun isa. Jakar da kake ɗagawa da hannu ɗaya a tsakar gida, a kwana na uku sai ka ji kamar buhun gero.

Malamin allo: Na manta. Ranar Maukibin kanta tafiya ce, daga Gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Mai Giginya, cikin cunkoso da rana. Ku jira sanarwar ranar daga Kabara, ku lissafa yadda za ku isa da saura kwana biyu, ƙafa ta huta.

Autan zaure: Allah ya saka da alheri. Yanzu na fito daga ɗakin Inna. Ta yi shiru, can ta ce in dai da ɗan Kawu za mu tafi, ta amince. Saura mutum ɗaya.

Yaya mai shayi: Ka samu. Jibi bayan Asuba ku same ni bakin masallaci, mu taka har garin maƙwabta mu dawo, kowa da jakarsa a baya.

Baba Alhaji: Ka biyo ta gida kafin nan. Gorar kakan nawa tana rataye a ɗaki, da ita za ka tafi.