Kunnen hagu na kwikwiyo ya ƙi tsayawa, ina neman shawara

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwon karnuka a nan Maraɗi. Kwikwiyo ne jinsin Dobaman, wata 5. Likitan dabbobi ya rage masa kunnuwa don su riƙa tsayawa a miƙe, yana da mako 9, aka cire zare bayan kwana 12, ciwon ya warke sarai.

Don kunnuwan su saba da tsayawa, ana naɗa soso a filasta, a zura shi har gindin kunne, a miƙe kunnen sama a ɗaure ba tare da matsewa ba, sannan a haɗa kunnuwan biyu da gada, wato filastar da ake ƙetarawa tsakaninsu. Ana canzawa duk kwana 5. Na dama ya tsaya cak. Na hagu kuwa, da an kwance, awa 2 ba ta cika sai ya karye daga gindi ya kwanta bisa kai. Ga zafin nan da ya wuce digiri 40, gam ɗin filasta narkewa yake, soson ya sulluɓo sama, cikin kunnen ya jiƙe har ya fara ja.

Yana famfara yanzu, kuma an ce guringuntsin kunne kan yi laushi a lokacin. Shin a ƙara ɗan soso a wurin da yake karyewa, ko gadar ce ke jawo shi ciki? Wace filasta ce ke jure zafinmu? Don Allah a taimaka.