Waɗanda suka kalli labarin Mae Nak bayan an yi musu rashi

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son in ji daga waɗanda suka kalli gajerun wasannin kwaikwayon ƙasar Tailan masu labarin mamacin da ya kasa rabuwa da masoyinsa, musamman waɗanda suka kalla rashi bai daɗe da samunsu ba. Da yawa daga cikin wasannin rijiya ɗaya suke ɗiba, wato labarin Mae Nak ta unguwar Phra Khanong a Bankok. An ce a zamanin Sarki Mongkut, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1868, aka tafi da mijinta Mak yaƙi tana da juna biyu, ta rasu wajen haihuwa ita da jaririn, shi kuwa da ya dawo ya same su a gida ya ci gaba da zama da su, bai san ƙasa ta riga ta rufe musu ido ba. Ni na kalli irin wannan wasan ne wata guda bayan na fita takaba. Ranar da maigidana ya yi hatsarin mota mun sami saɓani a kan kuɗin makarantar yara, ya fita ban ce masa a dawo lafiya ba. Ko kaɗan fatalwar ba ta tsorata ni ba, abin da ya hana ni barci shi ne ganin an ba wa wata dama ta ƙarasa maganar da mutuwa ta yanke mata.

Abu Hanif:
Allah ya jiƙansa, Maman Ilham, ya raya abin da ya bari. Ni a matsayin Mak na tsinci kaina. Ina ci-rani a Legas lokacin da uwargidana ta rasu a wajen haihuwa, kuma kafin in iso har an kai ta makwanci. Akwai wurin da duk wanda ya san labarin yake jira, inda Nak take daka miyar barkono a gidansu na katako mai dogayen ƙafafu, lemon tsami ya suɓuce ya faɗa ƙasa ta tsakanin katakai, ta miƙa hannu ya yi tsawon da ba na bil'adama ba ta ɗauko shi, mijin yana gani. Ƙannena da muke kallo tare sun firgita, ni kuwa tashi na yi na bar ɗakin, domin maƙwabta sun daɗe suna ƙoƙarin faɗa wa Mak gaskiya yana toshe kunne, sai da idonsa ya gane masa. Haka aka yi ta gaya mini a waya cewa ƙafafun marigayiya sun kumbura, tana yawan ciwon kai, ni kuma ina cewa a dakata in haɗa kuɗi in dawo mu je asibiti tare. Daga baya wata ungozoma ta shaida mini cewa waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne, ba a jinkiri da su. Na san kwana ne ya ƙare, amma sanin bai sauke mini nauyin wannan kalma ta "a dakata" ba.

Hajiya Uwani:
Allah ya gafarta mata, Abu Hanif. Ni ina zuwa Bankok saro kaya a kasuwar Pratunam, kuma bayan rasuwar 'yata ta fari wata abokiyar cinikina 'yar ƙasar ta kai ni Wat Mahabut, wurin ibadar mabiya Buddha da ke bakin magudanar ruwan Phra Khanong, inda aka keɓe wa Mae Nak ɗaki. Ban shiga ba, daga ƙofa na tsaya. Na hango gunkinta rungume da jariri an lulluɓe shi da ganyen zinare, ga rigunan mata a rataye, ga kayan wasan yara, har da talabijin da aka kunna mata. Wasu masu ziyara neman sa'ar caca ke kawo su wurin, samari kuma roƙo suke kada ƙuri'ar shiga soja ta faɗa kansu, tunda yaƙi ne ya raba ta da mijinta. Kayan wasan nan su suka karya mini zuciya, domin a lokacin takalman 'yata suna nan a bakin ƙofar ɗakinta, na hana kowa ya ɗauke.

Malam Baffa:
Ina yi wa kowa ta'aziyya. A aƙidarmu mamaci ba ya dawowa, kuma da wannan sanin na zauna na kalla bayan rasuwar yayana, wanda muka shekara biyu ba ma ga maciji saboda gadon gona. Wurin da ya taɓa ni shi ne inda dangi suke tsiyaya ruwa a hankali cikin ƙaramin kwano yayin da malaman addininsu ke karatu, da niyyar ladan aikin alherinsu ya isa ga mamacin. Hanyarsu daban, tamu daban, amma na gane buƙatar mai rai ta ya aika wa wanda ya tafi wani abu. Washegari na je na miƙa wa marayunsa rabona na gonar.

Maman Ilham:
Na gode muku ƙwarai. Abu Hanif, ko ka iya komawa ka ƙarasa kallon?

Abu Hanif:
Ban ƙarasa ba, Maman Ilham. An gaya mini cewa a ƙarshe wani babban malaminsu mai suna Somdet To ne ya lallashe ta ta haƙura ta bar mijin, amma ni har yau a wurin lemon tsamin nan na tsaya. Yanzu matar ƙanena tana da ciki wata bakwai, kuma duk ranar awo ni nake ɗaukar ta a Keke Napep ɗina in kai ta, in jira a waje har ta fito in tambayi abin da aka ce game da jininta.