Shawarwarin da Ƙanena Ya Samu Kan Shuka Tumatir a Gida

Ƙanena ɗan shekara 15 ya so shuka tumatir a tsakar gidanmu a Katsina, sai na kai shi majalisar masu noman rani. Ga abin da suka faɗa masa.

Duk bakinsu ya zo ɗaya kan lokaci: a yi renon iri a watan Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, don tumatir sanyin hunturu yake so. Zafin bazara kakkaɓe fure yake yi.

Tunda ba fili, wani dattijo ya ce ya huda gindin buhun siminti, ya cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki. "Ɗanyen taki ƙone saiwa yake, yaro." Ban ruwa da sassafe, a gindin shuka, kada a jiƙa ganye.

An daɗe kan tsutsar sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016. Wasu suka ce sai magani. Ni dai na fi gamsuwa da mai cewa, a buhu biyar kacal, duba bayan ganye kullum da fesa ruwan ganyen bedi sun isa.

Kaji kuwa, sai an yi shinge.