"Dogaro ga Allah jari": me wannan magana take nufi ga tsoho mai hawan jini?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina yana da shekara 78, kuma likita ya ɗora shi kan maganin hawan jini. Watanni biyu ke nan da ya ajiye ƙwayoyin. Da na yi masa magana sai ya ce, "'Yata, dogaro ga Allah jari ne, wuridina ya ishe ni." Ba na son in yi masa musu, amma hankalina a tashe yake. Haka ake nufi da karin maganar nan?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, don haka kalmar jari ta fi ja mini hankali. Jari ba riba ba ne. Wanda ya binne jarinsa a tukunya bai yi ciniki ba, sai an juya shi ake ganin amfaninsa. Bahaushen da ya ce dogaro ga Allah jari, shi ne kuma ya ce "Allah ya ce tashi in taimake ka". Da dogaro ake fita nema, ba a zauna da shi a ɗaki ba.

Goggo Ladi:
Ɗana, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ni yadda na taso na ji iyayenmu suna faɗinta, maganar wanda hannunsa ya ƙare ce. Gwauruwa mai marayu, ko manomin da fari ya cinye gonarsa, su ake gaya wa haka don zuciya ta kwanta. Na haura saba'in, kuma na ga tsofaffin da damuwa ta kayar da su tun ciwo bai kayar da su ba. Wanda ke fita masallaci sau biyar, ya zauna majalisa da sa'o'insa, ya ja carbinsa bayan Asuba, barcinsa ma daban ne. Kada ku raina wuridin Baba, shi ke riƙe da shi.

Malam Ɗan Zariya:
Goggo ta faɗi gaskiya, Suratur Ra'adi aya ta 28 ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Sai dai natsuwar zuciya ba ta kore neman magani. A Bukhari, Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Imrana ɗan Husaini da basir ya dame shi, an ce ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Addinin da ya lura da jiki haka bai ce a wofintar da shi ba.

Nas daga Maraɗi:
Abin da ke ba ni tsoro shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau alhali awonsa ya wuce 140 bisa 90, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yawancin tsofaffin da na gani suna daina shan magani ne saboda sun ji sauƙi, ko kuma suna jin nauyin kuɗin da 'ya'yansu ke kashewa. Ki bincika, wataƙila Baba tausayinki yake ji, ya fake da karin magana.

Maman Ummi:
Wallahi wannan ta taɓa ni. Kwanaki ya tambaye ni nawa nake sayen maganin, na faɗa masa, ya yi shiru. Ban kawo komai a raina ba sai yanzu.

Goggo Ladi:
To 'yata, kada ki je masa da hujja, uba ba ya son 'yarsa ta yi masa wa'azi. Ki samu limaminsu ko amininsa na majalisa su yi masa maganar raƙumar nan. Maganin kuma ki riƙa ajiye masa kusa da buzun sallarsa, ya sha in ya idar da wuridin safe. Kuɗin kuwa kada ki sake faɗa masa.

Maman Ummi:
Na gode Goggo. Gobe Juma'a zan tura yayana wajen liman, Asabar kuma mu kai Baba a sake auna shi.