Shin Isis ta ci amanar ɗanta Horus?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai a tatsuniyar Misirawan da, wadda ake yawan mayarwa wasan kwaikwayo, kuma duk inda na tayar da shi ba a saurarata. Set ya rufe ɗan'uwansa Osiris a akwati ya jefa shi a kogin Nilu don ya gaje sarauta, daga baya ya daddatsa gawar gida 14 ya watsar. Isis, matar mamacin, ta bi ƙasa tana kuka tana tsintar gaɓoɓin mijinta, ta kuma ɓoye ɗanta Horus a fadama har ya isa ɗaukar fansa. Amma ranar da Horus da Set suka rikiɗa dorinar ruwa suna kokawa, mashinta ya kama Set, da ya roƙe ta da darajar 'yan'uwantaka sai ta sake shi. Ni dai a ganina ta ci amanar ɗanta, kuma nata cin amanar ya fi na Set zafi.

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar amana ta yi nauyi a nan. Set ɗan'uwanta ne ciki ɗaya, domin Geb da Nut, gumakan ƙasa da sama, ne suka haife su su huɗu har da Osiris da 'yar'uwarsu Nephthys. Macen da zuciyarta ta karaya ganin jinin ɗan'uwanta tausayi ta yi, kuma babu wanda ya ɗora mata amanar kashe shi balle a ce ta ci.

Ɗalibin tarihi: Gaskiyar Malama ce. In ma amana ake nema, a dubi Horus, wanda rubutun zamanin Fir'auna Ramses na biyar, fiye da shekara 1,100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ya fito daga ruwa a fusace ya sare kan mahaifiyarsa. Matar da ta tsaya masa a shari'ar da ta ɗauki shekara 80 ita ya saka wa da haka.

Dattijon zaure: Yaro, ba sare kai ya yi ba, kambin sarauta ya fizge daga kanta, haka marubuci Plutarch ya kawo. Kuma tunda amana kuke so, wanda ya fara cinta shi ne Osiris ɗin da kuke wa kuka, domin shi ya yi wa Nephthys, matar Set, ciki ta haifi Anubis.

Ɗalibin tarihi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Plutarch Bagirke ne da ya zo fiye da shekara 1,000 bayan wancan rubutu. Ban ga dalilin da za a fifita baƙo a kan masu ƙasa ba.

Dattijon zaure: Akwatin da gida 14 da ka yarda da su ɗazu ba tare da gardama ba, ai daga bakin baƙon nan suka fito. Kana karɓarsa inda ya yi maka daɗi ne kawai.

Malamar makaranta: Baba, ka kuma ɓoye rabin zancen, domin shi Plutarch ɗin ya ce Osiris kuskure ya yi, ya zaci matarsa ce. Abin da ke damuna shi ne, duk sanda aka ambaci amana a zauren nan, sai an nemo mace an rataya mata.

Dattijon zaure: Hajiya, namiji na zarga, ki sake karantawa.

Mai buɗe zance: Jama'a, tambayata a kan Isis da ɗanta take, kun mayar da ita gardamar Bagirke da Bamisire, har yanzu babu wanda ya ba ni amsa.

Shugaban zaure: Lokaci ya ƙure, don haka ga abin da aka cimma. Malama ta tabbatar da hujja mai ƙarfi cewa Isis tausayi ta yi, Ɗalibi kuma ya goyi bayanta da rubutun masu ƙasa. Baba ya dogara da marubucin da ya zo a makare, mai buɗe zance kuwa bai kare maganarsa ba. An rufe muhawara a kan cewa Isis ba ta ci amanar kowa ba.