Wai AR siddabaru ne?

Ɗan Gangare: Jama'a ni fa na gaji wlh. Jiya na biya kuɗina na shiga gidan kallo, ga sanyin Jos yana ratsa ƙashi, maimakon a bar mu mu kalli bal sai zane-zane, layi nan, kibiya can, lamba na bin kan ɗan wasa kamar ƙuda. Da aka tafi hutun rabin lokaci kuma sai ga ɗan wasa ya tsiro daga ƙasa a tsakiyar sitidiyo ya harɗe hannu, wani dattijo kusa da ni ya aje kofin shayinsa ya ce "to shi wannan yaushe ya yi wanka har ya iso nan?" Wai sunan abin AR. Ni na ce siddabaru ne, kuma ba ɗan kallon da ke so, duk wanda ya ce yana so iyayi ne kawai.

Injiniya: Siddabaru kuma? Haba Malam. AR ɗin nan, wato augmented reality, kwamfuta ce ke bin motsin kyamara tana ɗora hoto a kan abin da ake ɗauka, ko kyamara ta juya hoton na nan inda aka dasa shi. Amurkawa tun 1998 suke jan layin rawaya a filin ƙwallonsu ta talabijin, 'yan wasa na takawa kamar fenti ne.

Malam na Dilimi: A dai riƙa tauna magana kafin a furta. Siddabaru ƙanin tsafi ne, kana cewa haka ka jefa duk masu kallo cikin wani hali.

Na Bauchi Road: Allah gafarta Malam, a nan kam ban yarda ba. Siddabaru rufa ido ne, saurin hannu, irin na masu fito da ƙwai daga hula a kasuwa. Tsafi daban.

Malam na Dilimi: Kai yaro, a ina ka yi karatu?

Na Bauchi Road: A gabanka mana, ka manta bulalar da na sha? 😂

Injiniya: Ko rufa idon ma ba shi ba ne, mai rufa ido ɓoye dabararsa yake, wannan kuwa koyar da shi ake a aji.

Ɗan Gangare: To ni idona ya ga mutum a inda babu mutum, me sunan wannan a Hausa? Ka faɗa min.

Maman Biyu: Ku maza da abin dariya. Wa ke cikinku bai taɓa sa fuskar Snapchat ba? Ɗan Gangare ba kai ne hotonka na sallah ya fito fata sumul kamar jariri ba, to shi ma AR ɗin ne ai.

Ɗan Gangare: Anti ki bar zancen nan, ƙanwata ce ta ɗauka.

Gunner Har Abada: Ni dai layin ofsaid kada wanda ya taɓa min shi. Ranar da ba a ja shi ba mun gani, wasanmu na Arsenal da Brentford na Fabrairun 2023 mai VAR, alƙalin da ke duba bidiyo, bai ja layi ba aka bar musu ƙwallon haram, aka tashi 1-1, daga baya aka zo ana ba mu haƙuri, haƙuri maki ne?

Ɗan Man U: Ka ji masu baki. Da aka soke ta Garnacho a Emirates a Satumban shekarar, kuka ci 3-1, layin nan daɗi ya yi muku ko? Wannan kam siddabaru ne, na goyi bayan Ɗan Gangare.

Gunner Har Abada: Dama ku duk abin da ya fi ƙarfinku asiri ne.

Baba Mai Gyaran Talabijin: Yara ku saurara. Garin nan ne ya fara talabijin mai kala a Najeriya, tashar Benue-Plateau, a shekarun 1970, a nan kuma aka ƙaddamar da komawa dijital a Afrilun 2016, ga kwalejin NTA a Rayfield. Ɗan Jos bai kamata ya ji tsoron hoto ba. Amma abin da za a ce sai na ɗaura tabarau a fuska, a kai kasuwa. Talabijin 3D ma haka aka yi ta kururutawa, zuwa 2017 Sony da LG sun daina ƙerawa.

Baƙo Daga Kaduna: Baba Ibadan fa tun 1959 suke da talabijin.

Baba Mai Gyaran Talabijin: Na ce mai KALA. Wa ma ya sako wannan cikinmu?

Injiniya: Tabarau ɗin Apple dala 3,499 aka sa shi da ya fito a 2024, ba wanda ya ce ku saya.

Maman Biyu: A kawo wuta tukuna. Kwana uku firijina a kashe, kaji na wari.

Admin: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: yawanci suna son AR, musamman layin ofsaid, an kuma tabbatar an zalunci Arsenal a wasan Brentford. Siddabaru ba hujja, Ɗan Gangare ya janye. Zancen Garnacho ba ya cikin maudu'i.

Ɗan Gangare: Yaushe na janye?? Caji ne ya ƙare min.

Ɗan Man U: Admin cire rigar Arsenal ɗin nan ka sake ƙirgawa.