Me ya sa matasa ake turawa ƙwallon Gasar Wasannin Afirka?

Mai horar da yara, karkarar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina horar da yara ashirin da 'yan kai a filin firamaren garinmu bayan sallar la'asar, idan ba lokacin noma ko girbi ba ne. Daren jiya a teburin mai shayi gardama ta kaure tsakanina da yayana, har shayinmu ya huce ba mu sha ba. Shi ya dage cewa ƙwallon da ake bugawa a Gasar Wasannin Afirka ba abin a zo a gani ba ne, tunda yara 'yan ƙasa da shekara 20 ake turawa, ni kuma na ce masa na taɓa jin cewa Najeriya ta ci zinare a cikinta da manyan 'yan wasanta. Ina roƙon masu sani su warware mana: tun asali matasa ne ke bugawa, ko daga baya aka mayar da ita haka? Kuma mene ne dalili? Yarana ma sun ji gardamar, kuma amsa suke jira daga bakina.

Tsohon malamin makaranta, Gumel:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kai da yayanka kowa ya riƙe ɓangare guda na gaskiya. Da aka fara gasar a Birazabil ta ƙasar Kwango a 1965, manyan 'yan wasa ne suka buga, kuma wasan ƙarshe tsakanin Kwango da Mali ya tashi babu ci, sai aka ƙirga bugun kusurwa aka ba Kwango zinare. Yau da za a yi haka da an kwana ana rigima. A 1973 aka kawo gasar Legas, inda Najeriya ta doke Gini da ci biyu da nema a wasan ƙarshe, a zamanin da ake kiran ƙungiyar Green Eagles. Wannan shi ne zinaren da ka ji labari, kuma har yau shi kaɗai ne maza suka ciyo mana a ƙwallon wannan gasa. A 1978 mun sake kaiwa wasan ƙarshe, Aljeriya mai masaukin baƙi ta ci mu ɗaya mai ban haushi.

Daga gasar Alƙahira ta 1991 aka mayar da ita ta 'yan ƙasa da shekara 23, sannan a gasar Rabat ta 2019 aka sake rage shekarun zuwa 20. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Abuja a 2003. Mun taru a ƙofar gidan dagaci, an tayar da janareta, an ɗora talabijin a kan benci, wani yaro yana riƙe da eriya a kan katanga ana ta yi masa tsawa kada ya motsa. A sabon filin wasanmu, a gaban jama'armu, Kamaru ta zura mana biyu babu ko ɗaya. Aka watse ba mai yi wa wani sai da safe.

Ɗan gidan kallo, Bichi:

Malam ya gama da tarihi, Allah Ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa dalili. Wannan gasa ta wasanni da yawa ce, da guje-guje da dambe da kokawa da ninƙaya da sauransu, a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, kuma ƙwallon ƙafa ɗaya ne kawai daga cikinsu. Ba ta cikin ranakun da FIFA ta wajabta wa kulob ya saki ɗan wasansa, saboda haka babu kulob ɗin Turai da zai bar ɗan wasan da yake biya maƙudan kuɗi ya tafi mako biyu ana tsakiyar kaka. Ga shi kuma manya suna da Kofin Nahiyar Afirka nasu, ba a buƙatar a yi masa kishiya. Haka ma gasar Olamfik take yi, inda maza 'yan ƙasa da 23 ke bugawa tare da manya uku, kuma da wannan tsari Najeriya ta ci zinare a Atlanta a 1996.

Sai dai, mai horarwa, ni ina bayan yayanka ta wani gefe. Gasar da aka sa wa suna ta 2023 ba a yi ta ba sai a watan Maris na 2024 a Ghana, ta faɗo cikin azumi, muna duba sakamako a waya bayan tarawihi. Flying Eagles, wato ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 20, a ƙarƙashin mai horarwa Ladan Bosso sun sha kashi a hannun Yuganda da Senegal, Sudan ta Kudu kaɗai suka iya ci, suka dawo gida tun daga zagayen rukuni, kuma ban ji wani ya tayar da jijiyar wuya ba. Ghana ta doke Yuganda da ci ɗaya ta ɗauki zinare. Gasar da za a fitar da mu tun a rukuni gari ya yi shiru haka, ai da wuya a ce mun ɗauke ta da daraja.

Ɗan kasuwar dabbobi, Maigatari:

Da izinin Malam, ban yarda da ɗan'uwana na Bichi ba. Shirun da muka yi namu ne, ba ya rage wa gasar komai. A watan Fabrairun 2019 Nijar ta karɓi Kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20 a Yamai da Maraɗi, harka ta kai ni Maraɗi na shiga filin na kalli wasa guda. A wannan kofi Burkina Faso ko rukuni ba ta tsallake ba, alhali Najeriya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Bayan wata shida aka haɗu a Rabat, Burkina Faso ɗin nan ta ci Najeriya biyu da nema a wasan ƙarshe ta tafi da zinare. Yaro mai shekara 18 kamar ɗan maraƙi yake a damina, wanda ka gani a farkon ruwa ba shi za ka tarar da kaka ba, kuma irin wannan gasa ce ke nuna ƙasar da ta yi kiwo.

Kai kuma mai horarwa, abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne shekaru. Duk gasar da aka yi wa iyakar shekaru da takarda ake shiga, yaranmu na ƙauye kuwa da yawa ba a san ranar haihuwarsu ba, sai dai a ce shekarar ambaliya ko shekarar da aka kawo wuta. Na ga yaro mai ƙafar hagu kamar guduma da aka mayar da shi gida daga wajen tantancewa saboda takardar makarantarsa da ta asibiti sun saɓa da shekara biyu. Nawa ne cikin naka suke da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa?

Mai horar da yara, karkarar Ringim:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da sauran 'yan'uwa. Na karanta wa yayana komai, ya amince da zinaren 1973, amma ya ce maganar mutumin Bichi ita ce tasa. Batun takarda kuwa na tambayi yaran yau da yamma, shida ne kawai suka ce suna da ita, biyu daga ciki ma sai an bincika adakar iyayensu mata. Ranar kasuwa zan biya sakatariyar ƙaramar hukuma in ji yadda ake yi wa sauran rajista.